Tayar Babur a Keken Maɗori

Ku kuna ganin gyaran keke ba wani abu ba ne. A cire taya, a tsoma tiyub a ruwa, a ga inda iska ke fita, a goge, a shafa sholisho, a manna faci, a mayar. Wanda ya zauna a rumfa kwana uku zai iya wannan, ban musa ba. Amma wannan faci ne kawai. Lokacin da na koyi aikin nan a Azare, mai gyara ba shi da kantin da zai aika a sayo masa abin da ya lalace. Abin da ya karye, ko ka ƙera wani, ko mai keke ya tura abinsa gida ya jingine a zaure.

A wurin Malam Garba na koya. Mutumin Misau ne, ya zauna a Kano shekaru yana yi wa wani mai gyara aiki, a can ya iya. Rumfarsa tana gindin wata cediya, gabas da kasuwa. Kayan aikinsa duka a akwatin katako ɗaya suke: sifana uku, filaya, ƙaramar guduma, magagari, zarton ƙarfe, makullin sifoki, famfo, da liba biyu na cire taya da aka ƙera masa daga tsohon sifirin ɗin mota. Shekarata ta farko bai bar ni na taɓa kome ba sai faci da wanke boris a kananzir. In ƙwaya ɗaya ta faɗi cikin rairayi, sai na tankaɗe wurin da rariya har na same ta. A shekara ta biyu ya ɗora ni kan sifoki, wato siraran ƙarafan nan da ke riƙe rim da tsakiyar ƙafar keke. Yana da wani tsohon fok, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, da ya kafa a kututture, kai ƙasa. Sai ya sa ƙafar a ciki, ya juya ta, ya riƙe gawayi daf da bakin rim. Duk inda gawayi ya yi zane, nan rim ya karkata. Sai ka sassauta na wannan gefe, ka ɗaure na wancan, kaɗan-kaɗan, ka sake juyawa. Ƙafa ɗaya takan ci mini yini. Shi kuwa kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama.

Masu kekuna a garin ba su da yawa, duk mun san su. Malaman awon gyaɗa, masinjoji, 'yan koli biyu ko uku, da malamin asibiti. Abin da ke kawo su kuwa abu biyu ne, ƙaya da rairayi. Tsidau ya cika gefen hanya, ga ƙayar aduwa wadda takan shiga taya ta karye a ciki, ka yi faci yau gobe ta sake hudawa in ba ka laluba ka zare ta ba. Hanyar Katagum kuwa da ta wajen Gamawa, akwai wuraren da siririyar taya ke nutsewa, mutum ya sauka ya yi ta turawa, keken da ya saya don ya ɗauke shi ya zama shi ke ɗauke da shi.

Sai yaƙin Turawa na biyu ya zo. Mu ba mu ga yaƙi ba, abin da muka gani shi ne roba ta ɓace. Taya ta daina zuwa daga Kano, tiyub ya daina, sholisho ma sai ɗan abin da mutum ya ɓoye. Da farko muka riƙa yanka matattun tiyub muna yin faci, har ya zama tiyub ɗaya faci ya fi asalin roba yawa. Daga nan muka koma kai wa dukawa taya su ɗinke tsaga da fata. Da tiyub ya ƙare gaba ɗaya, sai muka riƙa cusa tsumma da igiyar rama a cikin taya. Keke yakan tafi a haka, amma kamar kana jan turmi, kuma kafin wata biyu rim ya lanƙwashe. Na ga wanda ya hau rim tsirara daga Jama'are har Azare, tun daga nesa ake jin ƙararsa. A shekara ta uku ta wannan hali Malam Garba ya ce shi ya gaji da zama yana kallon hanya. Ya koma Misau noma, ya bar mini rumfa da akwati. Ina da shekara ashirin da ɗoriya, da mata, da ɗa guda.

A cikin bazarar wannan shekara Malam Bukar maɗori ya zo rumfata yana rataye da tayar babur a kafaɗa. Iyayensa daga Barno suka zo suka zauna a Azare, ɗori kuwa gadonsu ne. Duk wanda ya karye daga nan har bakin kogin Katagum, shi ake aiko wa. Mutum ne dogo, mai jiki ƙwarai, in ya shigo rumfa sai ya sunkuya. Dā yana da doki, da dokin ya mutu sai ya sayi keke. Ko lokacin da kaya ke samuwa tayar bayansa ba ta daɗewa, saboda nauyinsa da na jakar kayan aikinsa. Yanzu kusan shekara guda keken yana jingine. Ya gaya mini a ƙasa yake zuwa duk inda aka kira shi, gwiwarsa kuma ta fara ba shi wahala. Sau uku yana isa ƙauye ya tarar ƙashi ya riga ya fara kamawa a karkace. Tayar kuwa kukun wani Bature mai sayen gyaɗa ne ya ba shi, da tiyub biyu, bayan ya ɗora wa ɗan kukun hannu. Babur ɗin Baturen ya mutu an kai shi Kano, waɗannan aka manta a ɗakin ajiya.

Ya ajiye ta a gabana ya ce, "Isa, ina so ka sa mini wannan a bayan kekena."

Na ce masa, Baba, ba a yi. Na ɗauko rim na keke na ɗora a kanta ya gani da idonsa. Rim ya fi bakin tayar girma da kusan yatsa uku a kowane gefe, faɗinsa kuma bai kai rabin abin da take bukata ba. Ya duba, ya tambaye ni ko wannan rim ɗin daga sama ya faɗo ko mutum ne ya ƙera shi. Na ce mutum ne. Ya ce to, ya bar mini tayar, ya tafi.

Kwana biyu ina juya ta. Roba ce mai kauri, ko ƙayar aduwa ba za ta ratsa ta da sauƙi ba, kuma faɗinta ya isa ya hana ta nutsewa a rairayi. A cikin leɓenta, gefe da gefe, akwai waya mai ƙarfi wadda ba ta miƙewa ko kaɗan. Wannan wayar ita ce dukan maganar. Dole bakin rim ya fi ta girma kaɗan don ta kama, dole kuma tsakiyar rim ya yi kwari don leɓen ya sami inda zai faɗa lokacin sawa. A rana ta uku na ɗauki tayar na tafi maƙera wurin Audu. Audu ya girme ni da shekara goma, maƙeri ne na gado, garma da lauje da wuƙa yake yi, amma shi ke yi mini ƙananan abubuwa tun roba ba ta ɓace ba. Muka zana abin a ƙasa da tsinke. Za mu ɗauki rim biyu matattu, ina da su da yawa a bayan rumfa. Za mu tsaga su a tsawo, mu ɗauki baki ɗaya daga kowanne, mu rage musu tsawo. A tsakaninsu mu sa wani ƙarfe da za a yanko daga gangar fetur, a doke shi ya yi kwari, a huda a haɗa da ƙusoshi a dake kawunansu.

Awo ni na yi. Ba mu da abin awo na kanti. Na ɗauki igiyar auduga na zagaya cikin leɓen tayar, na ja ta sosai don ta kwanta, na ƙulla inda ta haɗu, na kai wa Audu. Abin da ban lura ba shi ne igiyar auduga tana miƙewa in an ja ta, in an sake ta kuma ta koma. Awon da na ba shi ya gaza na gaskiya da kusan faɗin yatsa. Audu ya yi kwana shida yana aikin. Da ya gama ya ce shi ransa bai kwanta da ƙusoshi kaɗai ba, yana so a narka tagulla a like mahaɗin, amma ba shi da ita a hannu, in ba shi kwana biyu ya nemo. Na ce ai gwaji kawai zan yi.

Ko sifoki ban ɗaura ba. Na sa tiyub, na ɗora tayar, ta shige da hannu kawai, ko liba ban taɓa ba. Na ji daɗin haka. Malam Garba ya sha gaya mini in taya ta shiga ba gardama in tsaya in duba dalili, amma ranar ban tuna ba. Bawul ɗin babur ba ya shiga famfon keke, don haka na ɗauka na tafi tasha wurin wani direban babbar mota mai famfon ƙafa. Na tsuguna, na riƙe rim ɗin a tsakanin gwiwoyina, na ɗora hannun hagu a gefe ina jin taurin tayar, shi kuma yana taka famfo. Na ce ya ƙara. Ya ƙara. Leɓen tayar ya tsallake bakin rim, tiyub ya fashe, ƙusoshin mahaɗi suka tsinke, bakin ƙarfen ya ɓalle ya daki tsintsiyar hannuna. Mutanen tasha suka watse, sun zaci bindiga ce. Da na ɗaga hannun sai na ga ya yi wani lanƙwasa da ba a haife ni da shi ba.

Malam Bukar aka kira. A tabarmar rumfata ya ɗora shi. Ya sa Audu ya riƙe ni ta gwiwar hannu, ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya bi ƙashin da babban yatsansa, sannan ya ja. Wannan ba zan tsaya bayyana muku ba. Ya jera kara kewaye, ya naɗe da sawaye, wato siririn farin ƙyalle na saƙa, ya rataya mini hannun a wuya. Ya ce ƙashi ɗaya ne ya karye, kusa da gaɓa, kuma ya zauna daidai. Kwana arba'in kada in ɗauki ko buta da shi. Ya haɗa jakarsa. Na ce masa, Baba, abin da ya faru da tayar nan laifin awona ne, kuma na san gyaransa.

Washegari na sake awo da waya. Na sa Audu ya zagaya ta cikin leɓen, muka yanke daidai, muka sake gwadawa sau uku. Wannan karon na ce ya ƙara kaurin tsinke a kai, gara ta yi tsauri da ta yi sako-sako. Audu ya sami wata tsohuwar munduwa a wurin gwaggonsa, ya narka ta, ya like mahaɗin da kowace ƙusa. Rim na biyu ya fito da nauyi, baƙi ƙirin, ba kyan gani, amma in ka buga shi da guduma ƙara ɗaya yake yi, ba ya rawa. Ya huda ramukan sifoki talatin da shida da na bawul, na sa ya bi kowanne da magagari don kada kaifi ya ci tiyub.

Sai maganar sifoki. Rim ya ragu, don haka dole su ma a rage su. Wanda bai sani ba zai yanke wajen zaren, ya rasa inda zai ɗaura. Ta wajen kai ake yankewa, a lanƙwasa sabon kai da filaya, gaba da baya, yadda zai maƙale a rami. Audu ya yi wannan. Amma ɗauri da daidaitawa ba aikinsa ba ne. Hannunsa ya saba da guduma, sifoki biyu ya tsinka a zama ɗaya, na karɓe makullin. Ni kuma da hannu ɗaya ba zan iya riƙe gawayi in juya ƙafa in ɗaure ba. Malam Bukar yana zaune a kan kututture, ya zo duba ɗorinsa kamar yadda yake yi duk bayan kwana biyu. Ya miƙo hannu ya ce in nuna masa.

Kwana huɗu yana zuwa bayan hantsi ya zauna har la'asar. Ni ina faɗa, shi yana yi. Wannan ya tsallake uku ya shiga rami na kaza, wancan ya bi ta ƙarƙashi. Da farko ya rikice, muka kwance sau biyu. Amma da aka zo daidaitawa sai na ga abin da ban taɓa gani ba a wurin mai koyo. Ba ya kallon zanen gawayi sosai. Sai ya kama sifoki biyu-biyu ya matsa da yatsu, ya zagaye ƙafar duka, ya ce wannan ya yi sanyi, wancan ya cika tauri. In na duba da gawayi sai in tarar haka ne. Mutanen kasuwa suka riƙa tsayawa kallo, babban mutum kamar wannan a gaban fok da giris a hannun riga. Bai kula su ba. A tsakanin nan Audu ya hura wuta ya buɗa ƙarafan bayan keken don tayar ta sami wurin wucewa, ya ƙara wa sandar birki tsawo, muka cire madigadi gaba ɗaya.

Ran da hannuna ya cika kwana goma sha takwas muka zo sa taya. Tiyub ɗaya ya rage mana, sholisho kuma ɗan abin da ke gindin gwangwani. Na sa aka shanya tayar a rana tun safe har ta yi zafi ta yi laushi. Matata ta dama mana karkashi a ƙwarya, muka shafe leɓen da yauƙinsa. Muka naɗe kwarin rim da tsumma saboda kawunan sifoki. Gefe na farko ya shiga da ƙyar. Aka sa tiyub, aka ɗan ba shi iska don kada ya naɗe. Gefe na biyu ya tafi har ya rage kamar taƙi ɗaya, a nan ya tsaya. Audu ya sa liba ya danna da ƙarfi, na ji ɗan sauti, na san ya cije tiyub. Muka fitar muka yi faci. Washegari Malam Bukar ya gwada, shi ma ya cije shi a wani wurin. Muka sake faci. Na kankare gwangwanin da tsinke, abin da ya rage bai wuce na faci ɗaya ba.

Na yi ta yi musu bayani. Ba ƙarfi ake sawa ba. Sai ka tura leɓen da ya riga ya shiga ya faɗa cikin kwari tun daga can ɗaya gefen, ka biyo shi da hannu biyu, dama da hagu a lokaci ɗaya, kana tattaro ɗan sakin da ya samu kana kawo shi wurin da ya rage, sannan ka murɗa da tafin hannu. Suna ji, suna gyaɗa kai, amma abu ne da hannu ke sani ba kunne ba. In suka tura nan sai can ya fito.

Muna cikin haka, ran kwana na ashirin, wajen azahar, wani mutum ya zo a kan wata ramammiyar goɗiya yana tambayar maɗori. Daga wani ƙauye yake, kafin a kai Gololo. Ƙanensa mai haƙar rijiya ne, suna ƙara wa rijiyar gari zurfi igiya ta tsinke da shi, cinya ta karye. Tun shekaranjiya abin ya faru. Goɗiyar ko mai ita ba za ta iya mayarwa a ranar ba. Doki kuwa ba abin da ake ara wa mutum mai nauyin Malam Bukar ba ne a tsakiyar bazara, ga nisa. Malam Bukar ya dubi ƙafar keken a ƙasa, ya dubi gwiwarsa. Ya ce zai je gida ya yi salla ya haɗa jaka, in ya kama hanya yanzu a ƙasa, jibi da hantsi ya isa in Allah ya so. Mutumin ya ce cinyar ta kumbura ƙwarai. Malam Bukar ya ce ya sani.

Da suka tafi na ce wa Audu ya kwance mini sawayen. Ya ƙi. Na kama bakin ƙullin da haƙori na fara warwarewa, da ya ga haka ya ƙarasa mini, yana cewa shi ba ruwansa. Hannun ya rame, fatar ta yi fari. Na motsa yatsu, suka motsa. Na sa ya ƙara shafa karkashi, na tsayar da ƙafar a ƙasa, na jingina ta da cikina, bawul yana ƙasa. Na tura leɓen cikin kwari daga sama, na biyo da hannu biyu ina gangarowa. Taƙin nan ya ragu ya koma yatsa huɗu. Na juyo da wurin sama, na ɗora tafin hannuwana biyu, na murɗa da dukan nauyina. Leɓen ya faɗa ciki. A daidai lokacin na ji wani abu ya gusa a tsintsiyar hannuna, kamar in ka taka dutse a cikin ruwa ya motsa. Na zauna a ƙasa na ɗan jima.

Audu ya mayar da karan yadda ya iya, ya naɗe. Ya ruga tasha ya aro famfon. Wannan karon muka jingina ƙafar a bayan cediya, muka tsaya ta ɗaya gefen, ana ba ta iska kaɗan-kaɗan ina leƙawa ina duba leɓen ko ya zauna daidai kewaye. Ya zauna. Audu ya ɗaura ƙafar a keke, ya ja sarƙa, ina gaya masa inda zai ɗaure. Da Malam Bukar ya fito da jakarsa da sandarsa, keken yana tsaye a bakin hanya. Ya tambayi wanda ya sa. Audu ya ce Allah ne ya taimaka. Sauri yake yi, bai ƙara tambaya ba. Ya ɗaure jaka a kariya, ya hau, tayar ko lotsawa ba ta yi ba. A gaba akwai wata tsohuwar taya mai ɗinkin fata, ita ce mafi dama a cikin abin da nake da shi. Ya taka, ya yi gabas.

Kwana biyar ya yi. Ran da ya dawo ya biyo ta rumfa kafin ya isa gida. Ya ce ya kwana a hanya, ya isa da sassafe. Keken yana da nauyin taka, a kan tsandauri yaro a guje zai wuce shi, amma a rairayi sau biyu kawai ya sauka. Cinyar ta ɗoru. Sannan ya ce in kawo hannu. Tun daga ƙullin ya gane, don ba haka yake ƙulli ba. Ya warware, ya bi ƙashin da yatsa, ya tsaya a wuri ɗaya ya daɗe.

Ya ce, "Wa ya kwance?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya saki hannun ya zauna. Ya ce ƙashin ya goce, kuma ya riga ya fara kamawa a haka. Zai iya sake karya shi ya ɗora, amma wurin yana daf da gaɓa, karaya ta biyu tana iya sandarar da wuyan hannun gaba ɗaya. In an bar shi, zai warke a karkace, ba zai riƙa juyawa sosai ba. Na tambaye shi ko zai riƙe sifana. Ya ce zai riƙe. Na ce a bar shi. Ya sake jera kara ya naɗe. Da ya miƙe ya ce shekara talatin yana ɗori, ubansa ma haka, ba a taɓa nuna karkataccen hannu a tsakiyar kasuwar Azare an ce aikin gidansu ne ba.

Ya ce, "Duk baƙon da ya tambaye ka wa ya ɗora maka, kada ka ce Bukar."

Na ce to. Mutanen kasuwa sun san yadda aka yi, Audu ya gaya musu. Amma mutanen ƙauye su ne masu tambaya, su ne kuma masu aiko masa. In suka ga hannun ina aiki suka tambaya, sai in ce wani ne can a hanya. Hannun ya warke kamar yadda ya faɗa. Na koyi riƙe ƙafa da shi in ɗaure da dama, abin da ba ya iya juyawa in juya da kafaɗa. Malam Bukar ya ci gaba da kawo kekensa in duba masa sifoki, mu gaisa, ya tafi. Ba ya kallon hannun. Mutane suka sa wa keken suna Takarkari. Wasu biyu suka nemo tayar babur suka ce in yi musu irinsa, na yi wa ɗaya, ɗayan tayarsa ta riga ta tsufa wayar ta yi tsatsa, na ƙi.

Bayan kaka ta shekara mai zuwa, ran kasuwa, ina ɗaure birkin wani masinja sai ga Malam Bukar tafe da wani baƙin mutum gajere mai faɗin ƙirji, ya kawo gero sayarwa. Ya tsayar da shi a gaban rumfa ya ce masa ya taka zuwa bakin hanya ya dawo. Mutumin ya dube mu, bai san dalili ba, amma ya taka. Ya je ya dawo, ba ɗingishi, ƙafafu biyu tsawonsu ɗaya. Malam Bukar ya ce mini wannan shi ne mai haƙar rijiya. Ya sallame shi ya koma wurin geronsa. Sannan ya kama hannuna na hagu, karo na farko tun ran da ya cire karan, ya juya shi iya inda yake juyawa, ya sake.

Ya ce, "Daga yau wanda ya tambaye ka, ka ce Bukar ne ya ɗora. Amma ka faɗi dalili."

Dalilin yana da tsawo, masu kawo gyara kuma sauri suke yi. Yawancinsu sunan kawai suke tsayawa su ji.